Talatin Ɗin da Na Ƙi a Padova

Tun da na dawo ban huta ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin tasha a Gwarzo, tambaya. In na je ofis a Kabo, tambaya. Har mai facin da nake kai wa babur sai da ya ajiye aiki ya ce, "Malam Sabi'u, wai da gaske can taliya ce safe, taliya ce rana?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya kai labarin gaba sai ya ƙara masa gishiri, har na ji wani yana cewa koro ni aka yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ni malamin gona ne, haifaffen Kara a ƙasar Gwarzo. Aikina zaga ƙauyukan Kabo a kan babur ina duba gonaki. Tallafin karatu na samu zuwa Italiya, wani tsohon birni da ake kira Padova, in yi digiri na biyu a kan cututtuka da ciyayin da ke kashe amfanin gona. Takardar tallafin shafi huɗu ce, amma layi ɗaya ne ya tsaya min a rai: duk wanda bai ci jarrabawoyin zangon farko ba kafin ƙarshen watan Fabrairu, an janye tallafin, ya tattara ya koma gida. Na karanta wa Baba layin nan. Ya ce, "To ai sai ka ci." A wurinsa magana ta ƙare.

Ranar tafiya mota uku aka cika daga Kara, har da liman, har da Kawu Idi da ya ce shi ba ni zai raka ba, jirgi zai je gani. Da muka biyo ta Kabo abokan aiki suka ƙara ta huɗu. Ina zaune a gaba ina ɗaga hannu kamar ɗan takara, amma na san duk wanda ya ɗaga min hannu a hanyar nan shi zai tarye ni da ido in na dawo hannu Rabbana bayan wata biyar.

Daga Kano muka sauka Alƙahira, daga nan sai Milan. A nan na fara haɗuwa da hukuma. Wani kare ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi, jami'in da ke riƙe da shi ya ce in buɗe. Inna ta ɗaure min kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa, abokai kuma sun haɗa min kilishi. Kilishin aka fara ɗaukewa, wai ba a shiga da nama. Kukar kuwa, jami'in ya daɗe yana juyawa, gari ne kore a leda ba rubutu, na yi ta rantsuwa ganyen bishiya ne. Sai ya kwance ƙullin daddawa. Ya ja da baya taku biyu ya ce, "Wannan ci ake yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai in babu shi ma ba a ci." Ya yi min nuni da hannu in ɗaure in wuce, ina jin bai so ta kwana a ofishinsa ba. Karen kuwa har yau ban yafe masa ba, don na ga irin kallon da yake yi wa ledar kilishin.

Jirgin ƙasa na hau zuwa Padova. Da na shiga tarago na gaida mutane ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana. Wata mata ta jawo jakarta jikinta, wani ya ɗauka tikiti nake dubawa ya miƙo min nasa. Na nemi wuri na zauna, na kama bakina har muka isa.

Masaukina gidan wata tsohuwa ne, Sinyora Rita, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watsu, take ba ɗalibai hayar ɗaki biyu. Ɗaya ɗakin na wani saurayi ne ɗan ƙasar, ajinmu ɗaya. Sunansa Matteo, bakina ya ƙi, na mayar da shi Mati, ya kuma amsa. Shi ne tafintana, don tsohuwar ba ta jin Ingilishi ko na sayen gishiri.

Da azahar na isa gidan, rabona da abincin kirki kwana ɗaya da wuni. Ƙamshi ya cika ko'ina. Sinyora Rita ta ɗaga murfin tukunya ta yi magana, Mati ya ce, "Tana tambaya za ka ci? Kifi ne, babu alade." Na ce, "A'a, na gode, a ƙoshe nake." Na gyara zama ina jiran tayi na biyu. Kun san yadda abin yake a gida: za a ce haba dai, ka ce wallahi Alhamdulillahi, a ce ko loma ɗaya, a tura maka kwano gabanka, sannan ka wanke hannu kamar an tilasta ka. Tsohuwar nan ta ce to, ta zuba wa kanta, ta zuba wa Mati, ta rufe tukunya. A gabana suka cinye tas, har da suɗe kwano da burodi. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Sai bayan kwana uku na gaya wa Mati gaskiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fassara wa tsohuwar, ta ɗora hannu a ka tana salati irin nasu. Na yi musu bayanin kara, na ce a wurinmu mai saurin karɓa shi ne mara tarbiyya, kuma ni ɗan Kara ne, ga suna ga hali. Mati ya ce, "Sabi'u, a nan in ka ce a'a, a'a ce." Na ce na ji. Na kuwa ji, amma na ɗauka darasin na bakin tukunya ne kawai.

Abinci bai ba ni wahalar da na zata ba. Akwai wani da suke ji da shi, suna kiransa polenta, ranar da aka kawo shi teburi aka yi ta yi min bayani kamar za a nuna min abin mamaki. Na duba na ce, jama'a, wannan ai tuwon masara ne, miya kawai ya rasa. Ran Lahadi na kaɗa musu miyar kuka. Ina jefa daddawa Sinyora Rita ta bi tagogi ta buɗe duka, ga sanyi kamar ya tsinke kunne. Amma ta ci, har ta ƙara. Mati ne yauƙin ya ba tsoro, ya ɗaga cokali yana kallon miyar tana bin sa, ya ce shi bai saba cin abin da ba ya son rabuwa da kwano ba. Shayi ne dai babu. Gahawa suke sha a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba, a tsaye, kurɓi biyu an gama. Wanda ya saba da kofin mai shayin bakin tasha, da burodi da ƙwai da hirar awa guda, ya san an cuce shi.

Azuzuwanmu na bayan gari, bas muke hawa, amma duk Asabar Mati kan zaga da ni cikin tsohon birni. Gefen titunan duk rumfuna ne na dutse, sai ka yi tafiya mai nisa ana ruwa bai taɓa ka ba. Jami'ar ta kai shekara ɗari takwas, kuma mutanen garin ba sa bari ka manta. Ya kai ni wani ɗaki na katako mai hawa-hawa kamar mazurari, inda ɗaliban likitanci na da suke tsayawa suna kallon ana feɗe gawa. Na leƙa sau ɗaya na ce masa ina jiransa a waje.

Akwai wani babban coci na wani waliyyinsu da ba sa faɗin sunansa, sai dai su ce "Waliyyi" kawai, kowa ya gane. Wannan ya burge ni. Na ce wa Mati ashe ku ma kun san alkunya, ai Innata haka take yi wa yayana, ɗan farinta, shekara arba'in ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Akwai kuma wani tsohon gidan shan gahawa da na nufi ƙofarsa, Mati ya fizgo ni ta kwala. Wai ɗalibin da ya shiga kafin ya gama karatu ba zai gama ba. Na ce, "Mati, kai da kake karatun kimiyya?" Ya ce, "Kimiyya daban, wannan daban." Ni ma dai ban shiga ba, me ya yi zafi.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda suke yi wa wanda ya gama digiri. Ranar farko da na gani na ɗauka ɓarawo aka kama. Saurayi ne an sa masa rawanin ganye, an tsayar da shi a kan benci, abokansa na watsa masa fulawa da ƙwai suna yi masa waƙar zambo, shi kuma yana karanta wata doguwar takarda da aka rubuta duk abin kunyar da ya taɓa yi. Uwarsa da ubansa na gefe suna ɗaukar hoto. Na tuna walimar saukar karatu a gida, da farar riga da addu'a da waina, na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Yanzu bari in zo kan Farfesa. Mace ce 'yar siririya mai furfura, a keke take zuwa, kuma littafin da muke karantawa ita ta rubuta shi. 'Yan ajinmu musu suke yi da ita kamar sa'arsu, wani ma ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ni ina layin gaba, kai a sunkuye, duk abin da ta faɗa in ce haka ne. Wata rana ta tsaya ta ce, "Sabi'u, kai kana yarda da ni tun kafin in ƙarasa magana." Na ce, "Haka ne, Farfesa." Ajin ya fashe da dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Jarrabawoyi biyu na rubutu na ci lafiya. Ta ukun, tata, ta baka ce: ka zauna a gabanta, sauran ɗalibai na bayanka suna sauraro, ta yi maka tambayoyi ta faɗi makinka nan take. Maki talatin ne ƙarshe, sha takwas ne ci. Saboda zumuɗi ni na fara yin rajista, don haka ni aka fara kira, ban ga yadda kowa ya yi ba.

Allah ya taimake ni tambayoyin suka faɗo gonata, cututtukan gero da dawa. Na yi ta zuba kamar ana karanta min. Ta ajiye biro ta ce, "Talatin. Ka karɓa?"

To ku gaya min, babba ta yabe ka a bainar jama'a, ka buɗe baki ka ce na karɓa, kamar da ma jira kake? Na sunkuyar da kai na ce, "Haba Farfesa, ya yi yawa. Ban kai nan ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ba ka karɓa ba ke nan?"

Na ce a raina, yawwa, ga tayi na biyu. Na ƙara ƙasa da murya na ce, "Gaskiya ban cancanta ba."

Ina jiran na uku sai na ga ta yi rubutu. Ta ce, "To. Sai zama na gaba. Ɗalibi na biyu ya fito."

Na fito ina murmushi, na tarar da Mati ya biyo ni hannu biyu a ka. "Me ka yi? Me ka yi, Sabi'u?" Na ce na ci talatin. Ya ce, "Ka ƙi talatin!" A nan ya warware min. Ashe a ƙasar ɗalibi na da ikon ƙin makin da aka ba shi in yana ganin zai iya fin haka, kuma in ya ƙi an shafe, kamar bai taɓa zama ba. Mutane kan ƙi sha tara, su ƙi ashirin. Mati ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin wanda ya ƙi talatin ba. Zama ɗaya ya rage, bayan mako uku, kwana kaɗan kafin wa'adin takardar tallafi. Na zauna a kan matakala.

Washegari na je ofishinta. Na gaishe ta, na tambayi iyali, na tambayi aiki, na tambayi sanyi, ta dubi agogo. Na yi mata bayanin kara iyakar iyawata. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta ce, "Na gane. Amma sau biyu na tambaye ka a gaban mutane, sau biyu ka ce ba ka cancanta ba, an kuma rufe rajista. Aikin da kake koyo aiki ne na faɗin abin da ka gani. In kana faɗin abin da ba shi ne a ranka ba don ka faranta min, yaya zan yi in san ranar da kake faɗin gaskiya?" Na buɗe baki zan ce haka ne, na rufe.

Makonni ukun nan ban gaya wa kowa a gida ba. In Baba ya kira ya ce yaya karatu, in ce ana kai. Tsoro na ji, tsoro na gaske, ba na faɗuwa kawai ba, na abin da zan ce in an tambaye ni dalili. Wanda ya faɗi don bai sani ba ana yi masa jaje. Ni me za a yi min? Abinci ya fita raina, ina wuni a ɗakin karatu. Sinyora Rita ta daina tambayata ko zan ci. Sai dai ta zuba, ta dire kwano a gabana, ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu har in gama. Ranar farko da ta yi haka sai da na ji ƙwalla, don Inna na tuna.

Ranar zama na biyu ni ne na ƙarshe a layi. Tambayar farko a kan cutar inabi ta faɗo. Ni da ban taɓa ganin gonar inabi ba sai ta tagar bas, na yi ta kame-kame, na ambaci sunan wata cuta ta tumatir. Ta biyu na ɗan farfaɗo, amma ba can ba. Sai ta jawo littafinta ta buɗe ta ce, "Ƙuduji."

Wanda bai yi noma ba, ƙuduji ciyawa ce mai kyakkyawan fure, wasu na ce mata wuta-wuta, tana manne wa saiwar dawa da gero a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse su. Farfesa ta ce, "A littafin nan na rubuta cewa babban abin da ke yaɗa shi a ƙasashenku shi ne manoma ba su san yadda yake rayuwa ba, shi ya sa ba sa cire shi da wuri. Ka yarda?"

"Haka ne" ta zo har bakin leɓena. Ita ce hanya mai sauƙi, littafinta ne, makina na hannunta, tikitin komawa Kano na jirana. Sai na ga Baba a kusurwar gonarmu ta gabas, a duƙe, yana tuge ƙuduji yana tarawa a buhu don kada irin ya zuba. In na ce haka ne, na yi wa Farfesa kara, na kuma ce ubana jahili ne a gaban mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Na ce, "A'a, Farfesa. Ban yarda ba."

Na ci gaba. Na ce manomanmu sun san shi sarai. Tun ina yaro aka gaya min in ka ga furensa ɓarawo ya riga ya gama sata a ƙasa. Sun san ba a yar da shi a kan kunya, ƙonawa ake yi. Abin da ya sa yake fin ƙarfinsu shi ne lokacin da yake fure shi ne lokacin girbin gero da cirar gyaɗa, mutum ɗaya hannu biyu gare shi. Na ce ba rashin sani ba ne, rashin hannu ne. Na gaya mata yadda Baba kan roƙi Fulani da rani su sauke shanunsu a daidai inda ƙudujin ya fi yawa, su yi kwanaki suna zuba taki, da damina kuma ya hana wurin dawa ya sa gyaɗa.

Ban ankara ba sai na ga ta ɗauki biro tana rubutu. Ta tambaye ni kwana nawa shanun ke yi, shekara nawa ake hana wurin dawa, na amsa abin da na sani, wanda ban sani ba na ce ban sani ba. Ta ce, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce babana. Ta ce, "Wane karatu ya yi?" Na ce na allo. Har yau ban san ko tarko ta ɗana min da tambayar nan ba, ko da gaske take.

Ta rufe littafin ta ce, "Ashirin da bakwai. Inabi ya ci maka uku. Ka kar..."

"Na karɓa!"

Da ƙarfi na faɗa, har wani da ke gyangyaɗi a baya ya farka. Mati ya tafa, aka harare shi.

Bayan la'asar na kira Baba. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, na tambayi Inna da dabbobi da mutanen gari. Sannan na kwashe labarin duka na gaya masa, tun daga talatin ɗin. Da na zo inda na ƙi, ya ce, "Ai ka yi daidai, haka ɗan mutunci yake yi." Da na zo inda na ce wa Farfesa ban yarda ba, sai ya katse ni.

Ya ce, "A gaban mutane?"

Na ce, "A gaban mutane, Baba. Ai kai na kare."

"Ni na aike ka? Malamarka ce, kuma ta girme ka. Gobe da safe ka je ka ba ta haƙuri."

Na ce to. Na ɗauka ya gama, ina shirin yin sallama, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Amma ka gaya mata batun shanun?"

"Na gaya mata."

"Ta ce me?"

"Rubutawa ta yi, Baba."

"Da hannunta?"

"Da hannunta."

Can na ji ya janye wayar daga bakinsa yana ƙwala wa Inna kira, wai ta zo ta ji.